Shagon ɗinkin da faɗa ya kusa rufewa: nazarin lamarin wani tela a Kano

Asalin shagon da mutanen cikinsa

Mutumin da zan yi magana a kansa telan kayan maza ne a wata unguwa cikin birnin Kano, ba zan kama suna ba, Maigida kawai zan riƙa ce masa kamar yadda yaransa suke kiransa. Ni maƙwabcin shagonsa ne, ina da ɗan kes na POS da cajin waya a jikin barandarsa, katako ne kawai ya raba mu, don haka duk abin da zan faɗa ko dai a gabana aka yi ko shi da bakinsa ya ba ni, kuma sai da na nemi izininsa kafin na rubuta.

A farkon 2023 yana da shekara 42, mata ɗaya da 'ya'ya biyar, keken ɗinki huɗu, keken aiki ɗaya da na wibin, sai ƙaramin janareto. Yaran shago bakwai ne, babbansu ya shekara shida a hannunsa har ya fara yanka, ƙaraminsu ɗan shekara 14 shi ne na aike da guga. Hannunsa kam babu mai musu, kaftani in ya fito daga wajensa ko ba a faɗa maka ba za ka gane daga zaman wuya da kafaɗa. Kuma mutum ne mai kunya da fara'a ga kostoma, ban taɓa jin ya ce wa wani ba zai samu ba, kowa ya kawo yadi amsar ɗaya ce, in sha Allahu ranar kaza ka zo. A wajen yaransa ne ake ganin wani mutumin daban, tsawa da zagi da jifa da tef ko alli, kuma sam ba ya maimaita awo, in ya faɗa sau ɗaya ka ce ba ka ji ba to ka shiga uku, shi ya sa yaran suka koyi cewa "to Maigida" ko sun ji ko ba su ji ba. Mutanen layi sun saba, kowa cewa yake ai haka koyon sana'a yake, shi ma haka aka yi masa.

Janairu zuwa Afrilu 2023: inda abin ya fashe

Canjin kuɗi ne ya fara matse shagon. Babban Bankin Najeriya ya sa ranar 31 ga Janairu a daina karɓar tsofaffin naira 200 da 500 da 1000, aka ƙara wa'adin zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su zo hannun mutane ba, ni da nake POS na fi kowa ganin wannan wahalar. Kostoma ba su da tsabar da za su ba da kafin alƙalami, taransifa kuma sai ta kwana ba ta shiga ba, Maigida ya ci bashin zare da sitif da botin a Kantin Kwari, ga kuɗin hayar shago ya zo a daidai lokacin. Sai ya ƙudurta cewa ɗinkin Sallah ne zai fitar da shi.

Azumi ya kama ranar Alhamis 23 ga Maris. Shagon in akwai wuta kuma kowa na nan yana iya gama kala 7 a rana, wato wajen kala 200 a duk watan, shi kuma abin da ya karɓa ya haura 300, kuma har goman ƙarshe yana karɓa don duk wanda ya zo ko ɗan uwa ne ko abokin ɗan uwa ko tsohon kostoma da ba zai iya kallon idonsa ya ce a'a ba. Kwanan shago aka koma yi, ga zafin Kano na watan Afrilu ga ƙishirwa, barcinsa bai fi awa uku ba.

Daren Sallah, Alhamis 20 ga Afrilu, wajen ƙarfe sha ɗaya wani Alhaji ya zo karɓar kayan 'ya'yansa kala biyar ya tarar ko yankawa ba a yi ba, alhali sau uku ana ce masa an kusa gamawa. Ya yi faɗa sosai a gaban jama'a har ya kira Maigida maƙaryaci, Maigida kansa a ƙasa yana ta ba shi haƙuri. Alhajin na fita ko minti biyar ba a yi ba aka gano hannun wata rigar gezna ya gaza da inci biyu, babban yaron ne ya yanka. Maigida ya miƙe ya zage shi tas a gaban ƙannensa da kostomomin da ke jira, har ya ambaci mahaifinsa, ya ce da gidansu akwai tarbiyya da bai shekara shida yana cin abincinsa a banza ba. Yaron bai ce komai ba, ya ƙarasa aikin da ke kan kekensa har asuba, bayan Sallah bai dawo ba. Cikin sati biyu wasu biyu suka bi shi. Da muka ƙirga ledojin da suka rage bayan Sallah kala 41 ne ba a ɗinka ba.

Daga baya ne na ji daga bakin yaran cewa awon rigar nan da baki Maigida ya faɗa yana cikin waya, yaron bai tabbatar ko 24 ya ji ko 26 ba, kuma ya ji tsoron sake tambaya.

Mayu da Yuni 2023: abubuwan da aka fara gwadawa

Limamin masallacin layinmu ya haɗa su zaman sulhu a soron gidansa, ya yi nasiha mai ratsa jiki, ya kawo hadisin mutumin da ya nemi wasiyya Annabi (SAW) ya yi ta maimaita masa kada ka yi fushi, da labarin Anas ɗan Malik da ya yi hidima shekara goma ba a taɓa ce masa tir ba. Maigida ya ce a yi haƙuri sharrin shaiɗan ne, yaron ya ce ba komai Malam ya wuce, aka yi musabaha aka shafa fatiha. Zaman bai kai minti ashirin ba kuma babu wanda ya ambaci abin da aka faɗa a daren nan. Yaron bai dawo ba.

Daga nan Maigida ya yi wa kansa alƙawarin ya daina tsawa, ya koma shiru. In aka yi kuskure sai ya ɗauke kai ya yi tsaki ya warware ɗinkin da hannunsa, ko ya leƙo wajena ya yi habaici da ƙarfi yadda za su ji, wai yaran zamani sai ci ba aiki. Yaran huɗu da suka rage suka koma karanta fuskarsa daga safe, ɗaya daga cikinsu ya ce min wallahi gara tsawar, don aƙalla ka san laifinka. Shirun ya yi sati uku. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500, janareto ya zama abin lissafi, ana saura kwana biyar Babbar Sallah wadda ta kama 28 ga Yuni aka bar janareto a kunne bayan an kawo wuta, sai duk abin da ya haɗiye ya fito a lokaci ɗaya, har da laifuffukan da aka yi tun watan jiya yana lissafo su ɗaya bayan ɗaya.

Bayan wannan wani abokinsa ya ba shi shawarar ya kafa doka. Aka rubuta a kwali aka manna a bango, wanda ya ɓata aiki za a cire naira 500 a kuɗinsa, wanda ya makara 200. Tsawa ta ragu don yanzu kwali ke magana, amma yaran suka fara ɓoye kuskure. Ƙaramin ya ƙona gefen wata shadda da dutsen guga, ya ninke ta yadda ba za a gani ba ya sa a leda, sai a gida mai ita ya gani ya dawo da ita. Wani yaron ya tafi a ƙarshen Yuli, saura uku. A wannan tsakanin wasu sun ce masa baki ne ko hassadar abokan sana'a, ya ƙara riƙe azkar da addu'a, har yau kuma yana riƙe da su.

Agusta da Satumba 2023: rubutu a bayan littafin awo

Ciwon kai ne ya kai shi asibitin unguwa a farkon Agusta. Aka auna jininsa ya kai 160 bisa 100, aka sake aunawa a ranaku biyu daban duk yana sama da 140 bisa 90, aka ɗora shi a kan maganin hawan jini. Ma'aikaciyar jinyar ta tambaye shi barci da cin abinci, ta ce ya riƙa rubuta lokacin da kan yake sarawa da abin da ya faru kafin nan ya kawo mata. Da ya dawo yana ta mita wai shi ina ya ga lokacin rubutu, na ce Yaya ga littafin awo nan kullum a hannunka, ka yi a bayansa, in ka manta zan tuna maka. Tunda ciwon kan da faɗan kusan tare suke zuwa sai rubutun ya koma na faɗan, layi ɗaya ne kawai, ƙarfe nawa, me ya faru kafin nan, me ya ji a jikinsa.

Sati shida muka yi, aka samu layi 19. Muka zauna wani dare bayan isha muna dubawa, 14 daga ciki sun faru ne cikin awa ɗaya bayan wani kostoma ya kira yana tambayar kayansa ko kuma ana jiran zuwan wanda ba a gama nasa ba. Mafi yawa tsakanin azahar da la'asar ne kafin ya sa komai a cikinsa banda shayin safe. Kuma akwai ranakun da yaran suka yi kuskure babba bai ce komai ba, duk ranakun babu kostoman da yake bin sa. A wajen "me ka ji" kusan ko'ina abu ɗaya ya rubuta, raina ya ɓaci.

Ya kai littafin wajen tsohon maigidansa wanda ya koya masa ɗinki, dattijo ne da ido ya hana shi aiki, ni na kai shi a babur. Na karanta wa Baba layukan, ya yi shiru can ya ce, "Kai, tsaya. In wayar nan ta yi ƙara ka ga sunan mai kaya, haushi kake fara ji ko gabanka ne yake faɗuwa?" Maigida ya jima bai amsa ba, sannan ya ce, "Baba gabana ne yake faɗuwa." Baba ya ce to wanda gabansa ya faɗi ai tsoro yake ji, tsoron a ci mutuncinka a bakin shagonka, kuma mai kayan ba ka isa ka ɗaga masa murya ba don kai ne mara gaskiya, sai ka juya kan wanda ba zai rama ba, borin kunya kenan. Ya ƙara da cewa shi ma haka ya yi musu suna yara kuma ya san da yawansu ba su yafe masa a zuci ba. A hanyar dawowa Maigida bai ce min uffan ba har muka iso.

Daga ranar rubutun ya canza. Maimakon raina ya ɓaci sai ka ga ya rubuta fargaba, ko kunya, ko nauyin Alhaji wane nake ji, ko takaicin kaina, ko yunwa kawai. Hausa tana da waɗannan kalmomin duka, fushi daban haushi daban takaici daban ƙunci daban, amma shi a shekara 42 jaka ɗaya yake zuba su.

Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: sauya yadda ake magana

Abu na farko ya cire kwalin tara ya sa allo a wurin, aka ja layin ranakun sati, kowace rana an rubuta iya kalar da za a iya gamawa da hannun da ake da su, lokacin kala 4. In rana ta cika ta cika, kostoma da idonsa yake gani. Wanda ya fara ce wa a'a dattijo ne daga dangin matarsa da ya kawo kala uku na biki yana so cikin kwana huɗu, ina jin Maigida ta katako muryarsa har rawa take, ya ce, "Alhaji ina jin nauyinka ƙwarai, shi ya sa ba zan maka ƙarya ba, ranar da kake so ba zai samu ba, sai Talata ta sama, in ba zai jira ba zan haɗa ka da wani mai hannu." Dattijon ya kwashe yadinsa ya tafi a fusace, wata uku ba ya amsa gaisuwarsa da kyau. In kuma aiki zai makara, Maigida ya koma kiran mai shi tun saura kwana biyu ya faɗa masa gaskiyar inda aka tsaya. Ya ce min abin da ya ba shi mamaki yawancinsu cewa suke ba damuwa.

Awo ya koma a rubuce a takarda a maƙale jikin yadi, kuma duk umarnin da ya bayar da baki sai ya ce maimaita min. Gyara kuma ya daina yi a gaban kostoma, sai ya kira yaro bayan labule ya nuna masa wurin da ɗinkin ya karkace da yadda za a gyara, ba ambaton gidansu ba tono laifin bara. In ya ji gaban nan ya faɗi ko wuyansa ya ɗau zafi sai ya zauna, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Zarr da Abu Dawuda ya ruwaito cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya ce wa yaran, "raina ba daɗi, ba da ku nake ba, ku ba ni minti goma," ya fita ya yi alwala ko ya ci wani abu. Da farko kunyar faɗin haka yake ji, yana ganin kamar zubar da girma ne.

Akwai abin da bai yi aiki ba a nan ma. Ya sa zaman shayi duk yammacin Alhamis ya ce kowa ya faɗi laifinsa shi Maigida ba zai yi fushi ba, sati uku ana zama babu wanda ya ce komai sai "ba komai Maigida". Yaro ba zai kalli ubangidansa ya lissafa masa laifi ba ko an rantse masa. Sai muka canza tambayar ta koma kan aiki, me ya ɓata mana lokaci a satin nan, a nan ne bakinsu ya buɗe, ɗaya ya ce keke na biyu yana tsinka zare tun watan jiya yana tsoron faɗa, ɗaya ya ce ba a san wa ke da alhakin kashe janareto ba. Abin da ya fi nauyi kuma ta wajena ya biyo, ƙaramin ya zo cajin waya ya ce min naira 300 ta abincin rana ba ta sayen komai tun da aka cire tallafi, da yunwa suke wuni. Na isar, Maigida ya fara ɗaukar abin a matsayin raini, ya kwana biyu sannan ya mayar da ita 600.

A watan Disamba ya je har gidan mahaifin babban yaron nan shi kaɗai. Ya ce min bai ce a yi haƙuri da abin da ya faru ba, faɗa ya yi ɓaro-ɓaro, na zagi ɗanka na ambace ka a gaban mutane a kan kuskuren da ni na jawo, na zo neman yafiyarku ku biyun. Sun yafe. Yaron ya riga ya kama aiki a wani shago.

Azumin 2024

Azumi ya kama Litinin 11 ga Maris, Sallah Laraba 10 ga Afrilu. Yara sun koma biyar, biyu sababbi ne. Ya rufe karɓar aiki ranar 10 ga azumi a kan kala 170, ya rubuta a ƙofa. Kala shida ne suka makara, duka an kira masu su tun kafin ranar, babu wanda ya zo ya yi faɗa. Sau ɗaya ya fashe, daren 24 ga azumi janareto ya lalace ya daka wa wani sabon yaro tsawa har da "dalla can", bayan sahur ya kira shi ya ce ba laifinka ba ne tsoro ne ya kama ni kar aiki ya tsaya. Babu yaron da ya tafi bayan Sallah. Jininsa a awon watan Mayu 135 bisa 85 yana kan magani. Kuɗin da ya shigo bai kai na bara ba in aka duba yawan aiki, amma bai biya kowa kuɗin yadi ba, bara kuwa ya biya mutum uku.

Yadda nake ganin lamarin

A ganina nasihar Liman gaskiya ce tsantsa, inda aka samu giɓi shi ne Maigida ya ji "kada ka yi fushi" ya fassara shi da haɗiye, alhali bai ma san abin da yake haɗiyewa ba, kuma zaman sulhun ya rufe ciwon ne da "ba komai" ba tare da an taɓa shi ba, wannan kuma mun iya shi sosai a gidajenmu da kasuwanninmu. Tara ta gaza don dama tsoro ne yake hana yaran magana, sai aka ƙara musu wani tsoron. Littafin ne ya nuna cewa faɗan ba a kan teburin yanka yake farawa ba, tun ranar da ya ce in sha Allahu ga aikin da ya san ba zai gamu ba yake farawa, kunyar da ake yabonsa da ita a waje yaransa ne suke biyan kuɗinta a ciki. Da ya iya kiran abin da yake ji da sunansa sai ya zama akwai abin yi a kai, yunwa a ci abinci, fargaba a ɗauki waya a kira mai kaya, amma "raina ya ɓaci" ba ta nuna maka komai sai wanda za ka huce a kansa.

Dole in faɗi cewa azumin 2024 ya zo masa da sauƙi ta wani ɓangaren, dala ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu, shadda ta yi tsada, mutane da yawa sun rage ɗinki, don haka cewa a'a bai yi masa wuya kamar a shekarar da aiki ke ambaliya ba. Maganin hawan jini da barci ma sun taimaka, kuma ba kowa ne yake da dattijo irin Baba da zai masa tambayar da ta dace ya kuma yarda da nasa laifin a gaban yaronsa ba. Har yanzu Maigida mutum ne mai saurin hawa, in an ɗauke wuta ana tsakiyar aikin wuya ina jin numfashinsa ta katako.

Babban yaron ya buɗe nasa shagon a wata unguwar, in aiki ya yi wa Maigida yawa can yake tura kostoma, shi ma yana turo masa masu son babbar riga. Suna gaisawa a waya, ranar Sallah yana zuwa gida ya gaida Maman yara, amma shagon har yau bai sake takawa ba, in ya zo karɓar saƙo a bakin kes ɗina yake tsayawa in shiga in ɗauko masa.